Tambaya da Amsa: Yarana sun iya kwafa, amma ba su iya insha'i ba

TAMBAYA

 Ni malama ce a wata firamare, ina riƙe da aji biyar, yara saba'in da 'yan kai. Damuwata insha'i. Idan na rubuta a allo na ce su kwafa, sai ka ga rubutu tsaf, wasu ma hannunsu ya fi nawa kyau. Amma ranar da na ba su take na ce kowa ya rubuta da kansa, sai aji ya yi tsit. Wasu su yi layi biyu su ajiye biro, wasu su leƙa na kusa da su, wasu kuma su maido mini da wanda muka yi a zangon da ya wuce, kalma da kalma, har da sunan da na sa a misali. Ina kwasar littattafan zuwa gida in yi ta gyara da jan biro har dare, mako na zagayowa in sake tarar da kuskuren nan dai. A wata bita an ambata mana koyar da rubutu mataki-mataki, sai dai ba a nuna mana yadda za a yi shi a aji mai yawa irin nawa ba. Shin yaran ne ba su kai ba, ko ni ce ban iya ba? Kuma da Hausa zan fara ko da Turanci, tunda jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata malama, daga Funtuwa

AMSA

 Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Malamar da ke kwasar littattafai saba'in zuwa gida ba ta rasa himma ba, don haka mu ajiye zancen "ban iya ba". Yaran ma sun kai. Gobe idan an fita tara, ki tsaya kusa da mai awara ki kasa kunne. Yaron nan da ya ajiye biro bayan layi biyu za ki ji shi yana ba abokansa labarin yadda rago ya tsinke a unguwarsu, ko yadda wasan ƙwallo ya tashi da rigima, yana kawo farko, yana jan rai, yana kwaikwayon muryar kowa. Mai iya wannan yana da abin faɗa, ya kuma san yadda ake jera shi. Abin da ba a nuna masa ba shi ne hanyar da magana ke bi daga baki ta sauka a takarda.

Mu ne muka sabar masa da cewa insha'i kammalallen abu ne da ke fitowa daga hannun malami, shi nasa ya ɗauka ya adana. Tun aji ɗaya, abin da ake yaba masa shi ne ya kwafa daidai. Kwafa tana da daraja a wurinmu, kuma da dalili: yaron da ke zuwa makarantar allo ya san ba a ƙara wasali, ba a rage shi, haka kuma ya kamata. Amma mutum ya zauna ya ƙago maganar kansa, wannan fanni ne dabam, kuma mun bar shi babu mai koyarwa. Yaron da ya maido miki da insha'in zangon baya ba ha'inci ya nufa ba. A iya saninsa, amsar ke nan.

Ki duba kuma kayan da muke ɗora wa ɗan shekara goma da kalma ɗaya tak, "rubuta". Ya nemo abin faɗa, ya san wanne zai fara kawowa, ya zaɓi kalmomi, ya tuna yadda ake rubuta kowace, ya sa aya inda ta dace, hannunsa ya yi kyau, kada ya goge, duk a zama ɗaya, ga jan biro yana jiransa. Yaro mai wayo sai ya gane cewa layi biyu sun fi layi goma aminci, domin kuskure ya fi ƙaranci a cikinsu.

Manyan marubuta ba haka suke aiki ba. Abubakar Imam yana malamin makaranta a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don wata gasar rubutu ta 1933, kuma rubutun sai da ya bi ta hannun edita Rupert East a Zariya kafin ya zama littafin da muka sani. A Amurka, wani ɗan jarida mai suna Donald Murray, wanda ya koma koyarwa a Jami'ar New Hampshire, ya fitar da wata gajeriyar maƙala a 1972 yana kiran malamai su daina auna abin da aka gama kawai, su koyar da yadda ake yin sa. A ƙiyasinsa, kusan kashi 85 cikin ɗari na lokacin marubuci yana tafiya ne tun kafin ya zauna rubuta daftarin farko, wurin tunani da tambaya da tattara abin faɗa. Abokin aikinsa Donald Graves ya kai zancen firamare. Shi da masu taimaka masa sun shafe shekara biyu a wata makaranta a garin Atkinson suna zama kusa da yara suna kallon yadda suke rubutu, sannan ya fitar da littafinsa a 1983. Abin da ya gani shi ne, yara ƙanana suna son rubutu, kuma suna komawa su gyara da kansu, muddin an bar su sun zaɓi abin da suka sani, an ba su lokaci a kai a kai, an kuma samu mai sauraron abin da suka rubuta.

Daga irin wannan aiki aka fitar da matakan da aka ambata muku a bita: shiri, daftari, gyaran ma'ana, gyaran ƙa'ida, sai fitarwa ga masu karatu. Amma kada ki mai da su jadawali, Litinin kaza, Talata kaza, wanda ya koma baya ya yi laifi. Linda Flower da John Hayes, waɗanda suka sa marubuta suna faɗar tunaninsu a fili yayin da suke rubutu, sun nuna a 1981 cewa mai rubutu kai da komo yake yi: yana cikin daftari sai sabon tunani ya zo ya koma shiri, yana cikin gyara sai ya ga akwai abin ƙarawa. Amfanin matakan guda ɗaya ne: su sauke wa yaro kayan nan, ya ɗauke su ɗai-ɗai.

To, mu shiga ajinki. Fara da take. "Makarantarmu" da "Abokina" da ire-irensu ki ba su hutu, domin yara saba'in makaranta ɗaya gare su, amsa ɗaya za su bayar, kuma ke kin riga kin san ta. Ki nemi abin da yaron kaɗai ya sani, wanda dole ki karanta kafin ki ji. Ranar da na ɓata a kasuwa. Yadda ake dama fura a gidanmu. Ranar da ruwa ya shigo mana ɗaki. Abin da na gani da muka je cirar auduga. Kowane yaro ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa ya jera abubuwa biyar da suka taɓa faruwa da shi ko ya iya yi, yana ƙarawa duk lokacin da ya tuna wani. Daga ranar babu mai cewa ba shi da abin rubutawa.

Kafin kowa ya taɓa biro, su yi magana. Biyu-biyu a bencinsu, wannan ya ba wannan labarinsa minti biyu, sannan su yi musanya. Aji zai yi hayaniya, ki haƙura da ita, aiki ake yi. Wanda ya faɗi labari sau ɗaya da baki ya riga ya san inda zai fara da inda zai tsaya.

Sannan abin da na fi ba muhimmanci a duk wannan amsa: ki yi rubutu a gabansu. Ba ki zo da gamammen insha'i daga gida ki zuba a allo ba. Ki tsaya da alli ba tare da takarda a hannu ba, ki ce, "Yau zan ba ku labarin ranar da wuta ta kama bukkar maƙwabtanmu ina yarinya. Ta ina zan fara? Da safiyar ranar, ko da ihun da na ji?" Ki rubuta jimla, ki karanta da ƙarfi, ki ce ba ta yi miki ba, ki ja mata layi, ki sake wata. Ki manta wani abu, ki ja kibiya ki cusa shi a sama. Ki tambaye su, "Na ce wutar ta yi yawa. Wace kalma ce za ta sa ku gan ta?" Wani zai ce tana ci bal-bal, ki karɓa ki rubuta. Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin babba yana lalube a rubutu ba. Sun ɗauka wanda ya iya, daga kansa yake kwararowa tsaf, don haka da jimlarsu ta farko ta karkace sai su yanke wa kansu hukuncin ba su iya ba. Minti goma na irin wannan, sau ɗaya a mako, ya fi dogon bayani a kan gabatarwa da gundarin magana da kammalawa.

Wajen daftari, ki kafa doka uku ki rubuta su a kwali ki liƙa a bango. Ana tsallake layi, don a bar wurin ƙari. Ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kan abin da ba a so. Kalmar da ba a tabbatar da rubutunta ba, a rubuta ta yadda kunne ya ji, a zagaye ta, a wuce. Shafin hagu na daftari ne, na dama na tsaftataccen rubutu. Idan iyaye sun koka da cin takarda, bayan tsofaffin takardun jarrabawa da tsohuwar kalanda sun isa daftari. Minti goma zuwa sha biyar na rubutu ba tsayawa ya wadatar a farko.

Gyaran ma'ana shi ne inda ake koyon rubutu na gaskiya, shi ne kuma aka fi tsallakewa, saboda mun saba da cewa gyara yana nufin farautar kuskure. A ce wata yarinya ta kawo miki wannan: "Ranar Sallah na je gidan kakata. Mun ci abinci. Na ji daɗi. Muka dawo gida." Babu kuskure ko ɗaya a ciki, jan biro zai ba ta maki ya wuce. Amma babu yarinyar a ciki, babu kakar. Ki durƙusa kusa da ita ki ce, "Da kaka ta gan ki, me ta ce?" Za ta yi dariya ta ce, "Cewa ta yi ga kishiyarta ta zo cinye mata nama." Ki ce, "To ina yake a nan? Sa shi." Ki ƙara tambaya ɗaya, wane abinci ne, ki tashi ki bar ta. Abin da za ki tarar in kin dawo zai yi kama da haka: "Ranar Sallah na je gidan kakata a Bakori. Da ta gan ni sai ta ce ga kishiyata ta zo cinye mini nama. Ta zuba mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ɓoye mini cinyar kaza a ƙarƙashin tuwon don kada yayyena su gani." Ba ki ba ta kalma ko ɗaya ba. Duk suna cikinta, tambaya ce ta fito da su. Kuma ta koyi abin da za ta yi amfani da shi har ta girma, wato mai karatu ba ya wurin da abin ya faru, sai abin da aka sa masa a takarda yake gani.

Ba za ki iya durƙusawa gaban yara saba'in a darasi ɗaya ba, don haka ki koya musu su yi wa juna. Mai rubutu ya karanta wa na kusa da shi da murya. Mai sauraro abu biyu kawai aka yarda ya yi: ya faɗi abu ɗaya da ya tsaya masa a rai, ya kuma yi tambaya ɗaya a kan abin da bai gane ba ko yake son ƙarin bayani. "Ya yi kyau" ba amsa ba ce, dariyar raini kuma laifi ce. Sai kin gwada wannan a gaban aji sau da yawa, ke da yaro ɗaya mai ƙarfin hali, kafin su kama. Ke kuma ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane darasi ki zagaya wurin yara goma, minti ɗaya ko biyu ga kowa. Cikin mako biyu zuwa uku kin taɓa kowa.

Sai an gama wannan ake zuwa ƙa'idojin rubutu. Magini ba ya yaɓe sai ya gama ɗora tubali. A nan ma kada ki kama komai lokaci ɗaya. Kowane insha'i ki zaɓi ƙa'ida ɗaya ko biyu, ki koyar da su minti biyar a allo, su kaɗai za a duba. Wannan karon babban baƙi a farkon jimla da aya a ƙarshenta; yaro ya karanta rubutunsa da murya, inda muryarsa ta sauka ya duba ko akwai aya. Karo na gaba baƙaƙe masu ƙugiya, ya ga cewa "kafa" dabam "ƙafa" dabam, "baki" dabam "baƙi" dabam. Na gaba rabawa da haɗewa, "shi ne" a rabe, "yana" da "suna" a haɗe. Ƙa'idar da aka wuce tana shiga jerin da ke bango, ta zama hakkin kowa ya duba da kansa kafin ya miƙa aiki.

Wannan ya kawo mu ga dararen da kike yi da jan biro. Kuskuren yana dawowa ne saboda wanda ya yi gyara shi ke koyo, kuma ke ce kike yin gyaran. Yaro yana buɗe littafi ya duba maki, ya ga ja ya cika shafi, ya rufe. Maimakon haka, ki sa ɗigo a gefen layin da kuskure yake, ki mayar masa ya nemo da kansa. Daftari ba a ba shi maki. Tsaftataccen rubutu kawai za ki kai gida, shi ma sau ɗaya a mako biyu ko uku, domin insha'i ɗaya da aka bi da shi har ƙarshe ya fi biyar da aka yi aka watsar. A ƙasan kowanne ki rubuta jimla ɗaya da ke nuna kin karanta abin da ya ce, kamar "Ashe kakarki tana ji da ke."

Kada ki ɗauka ina cewa ƙa'ida ba ta da muhimmanci. A can Amurka ma an yi wannan kuskure, wasu malamai suka saki yara suna ta rubutu babu mai nuna musu daidai. Lisa Delpit, wata malama baƙar fata, ta yi magana mai zafi a kan haka tun 1986, ta ce 'ya'yan masu hali suna samun ƙa'idojin a gida, 'ya'yan talakawa kuwa idan makaranta ba ta koya musu a fili ba babu inda za su samu. Maganarta ta shafe mu ƙwarai. Yaranki suna bukatar shifta, suna bukatar a nuna musu yadda ake haɗa gajerun jimloli biyu da "saboda" ko "amma" ko "bayan da". Ki ci gaba da yin waɗannan. Lokacinsu kawai za ki sauya, kada su tare ƙofa tun yaro bai ce komai ba.

Game da harshe, ki fara da Hausa, ba na ko shakka. Yaro ba zai yi kokawa biyu lokaci ɗaya ba, ta neman abin faɗa da ta neman kalmar baƙon harshe. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen gida ko na yankinsu, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su koma baya a Turancin ba. Iya jera labari, da sanin inda sakin layi ke farawa, da tunanin mai karatu, ba a sake koyon su idan an sauya harshe. Tunda aji biyar ne kuma jarrabawa na tafe, ki bi da su haka: labarin da suka gama da Hausa, su sake ba da shi da Turanci cikin gajerun jimloli, bayan kun tara kalmomin da za a bukata a gefen allo. Su yi hira da shiri da Hausa ko da rubutun na Turanci ne. Za ki ga Turancin ya fi na da tsawo, domin yanzu akwai abin da ake son faɗa.

A aji irin naki ba za a rasa waɗanda har yanzu ba sa iya haɗa baƙi da wasali sosai ba. Kada su zauna suna kallo. Su zana abin da ya faru su sa kalma ɗaya ko biyu a ƙasa, ko su faɗa miki jimla biyu ki rubuta musu, su kwafa, su karanta miki. Wannan kwafar tana da amfani saboda maganarsu ce. Amma suna bukatar darasin karatu na musamman a gefe, insha'i ba zai maye gurbinsa ba.

Rubutun da aka gama kuma a nema masa masu karatu bayan ke. Célestin Freinet malamin ƙauye ne a kudancin Faransa wanda ya dawo daga yaƙin duniya na farko da rauni a huhu. A 1924 ya shigo da 'yar ƙaramar na'urar ɗab'i cikin ajinsa a Bar-sur-Loup, yara suna rubuta abin da suka gani a rayuwarsu, aji ya zaɓi ɗaya, a gyara tare, a buga, har suka riƙa musayar rubutu da wata makaranta a can yankin Biritaniya ta Faransa. Ke ba ki bukatar na'ura. Igiya daga taga zuwa taga da 'yan maƙalai ta isa a rataye rubutun mako. A ƙarshen zango ki tara guda ɗaya daga kowane yaro, a ɗinke da zare da allura, a yi bango da kwali, a rubuta sunan aji. Ki tura su biyar-biyar su karanta wa 'yan aji biyu. Idan kina da ƙawa mai koyarwa a wata makaranta, ku haɗa yaranku su riƙa rubuta wa juna wasiƙa. Yaron da ya san wani yaro a Malumfashi zai karanta wasiƙarsa, da kansa zai zo ya tambaye ki ko "ƙwarai" da ƙugiya ake rubuta ta.

Kafin ki fara, ki sanar da hedimasta, ki kuma yi wa iyaye bayani idan an yi taro, domin za su ga shafuka da jan layi da kibiyoyi babu jan biro, su zaci an daina duba aiki. Ki nuna musu shafin hagu da na dama tare. Makonnin farko rubutun zai yi kamar ya lalace, kuskure zai ƙaru saboda yaran sun fara amfani da kalmomin da ba su taɓa kwafa ba, kada wannan ya karya miki gwiwa. Ki sa kowa ya rubuta kwanan wata a kan insha'insa na farko ki adana, a ƙarshen zango ki ba shi ya ajiye kusa da na ƙarshe ya karanta duka biyun. Allah ya taimaka, Malama. Idan kin gwada zango ɗaya, ki rubuto mana inda ya yi da inda ya ƙi, musamman yadda gyaran biyu-biyu ya kasance a benci mai yara huɗu ko biyar.